Makahon Ƙadangare da Sunan Babana

Anti Badi'a, don Allah ki taimaka min da shawara. Saura mako uku in miƙa takardar bincikena, kaina kuma ya kulle.

Ni 'yar Masanawa ce ta ƙasar Kabo, ina digiri na biyu a fannin nazarin dabbobi. Tun ina ƙarama, idan Baba yana huɗa da farkon damina, garmarsa kan tono wata halitta kamar tana, ba ƙafa, ba ido. Kowa cewa yake maciji ne, a kashe. Shi kuwa sai ya ɗora ta a tafin hannunsa, ya ce wannan ba maciji ba ne, ba tana ba ce, ya mayar da ita ƙasa ya rufe. Har dariya ake masa.

Ita na ɗauka na yi bincike a kai. Shekara biyu ina ƙirga zobban jikinta da ɓawon kanta, aka kuma yi gwajin ƙwayoyin halitta. Sakamako ya nuna makahon ƙadangare ne, irin da ba a taɓa rubutawa ba. Malamina ya ce ni zan raɗa masa suna. Nan take zuciyata ta ce sunan Baba.

To, shekara huɗu ke nan ciwon ido ya tafi da ganin Baba. Yaya Zayyad ya ce in na kuskura, har a majalisa sai an riƙa cewa 'yarsa ta yi boko ta haɗa shi da makahon ƙadangare. Ga kuma kunya. Ban taɓa furta sunan Baba ba, ko mai sunansa na gani, “mai sunan Baba” nake cewa. Yaya zan yi in tsaya gaban taro in ambace shi gatsau? Saboda wannan ruɗani ko sakamakon ban gaya masa ba. Duk Juma'a in na kira sai ya tambayi labarin “mutumin ƙasa”, haka yake kiransa, ni kuma in ce ana nan ana dubawa. Ina son tsohon nan, Anti, kuma ina tsoron in ɓata masa rai da abin da na nufa da girmamawa.

'Yar Manomi, Masanawa

*

'Yar Manomi, barka da ƙoƙari. Na lura har a wasiƙar nan kin ƙi rubuta sunan, Allah ya yi miki albarka.

Kada ki ga laifin yayanki. Shi ke zaune a gari, shi zai ji abin da za a faɗa, kuma kishin mahaifinku ne ya sa shi magana. Ke ma kina da hujja: kin yi ƙirga, amma Baba ne ya fara ganewa, lokacin da ake masa dariya. Batun kunya kuwa mai sauƙi ne. A takarda sunan zai zauna, a gaban taro ki ce kin sa masa sunan mahaifinki. Babu wanda zai tilasta ki fiye da haka.

Abin da ya dame ni daban ne. Ku biyu kun zauna kuna yanke hukunci a kan sunan mutum, mai sunan yana raye, da hankalinsa. Idonsa ya rasa, ba ra'ayinsa ba. Ki bar wayar nan, ki shiga mota ki je gida ranar Juma'a. Ki zauna da shi, da Zayyad a gefe, ki faɗa masa komai, har abin da kuke tsoro. In ya amince, ki sa. In ya ƙi, ki sa sunan Masanawa, ba ki yi asarar komai ba.

Amma kafin ki tayar da zancen suna, ki ɗora masa mutumin ƙasa a tafin hannu, ki ba shi amsar da kika riƙe masa. Ki ce, Baba, ba maciji ba ne, kai ne da gaskiya. Ya fi shekara ashirin yana jiran wani ya faɗa masa haka.

Allah ya ba ki sa'a. Ki gaishe min da shi.

Anti Badi'a