Marfin Kwalba na Ƙarshe

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Sallama gare ka, ya farin shafi, ma'abocin haƙuri. Ka gafarce ni da na kutso maka da baƙin tawada ba tare da izini ba. Wannan makon zan koya wa ajina zaɓe: gwangwani biyu a bayan labule, kowane ɗalibi da marfin kwalbarsa. 'Yan takarar shugaban aji su ne Rafiou, Bayarabe mai share allo kullum ba a sa shi ba, da Muhuyi, ɗanmu Bahaushe, sarkin barci. Na rera musu baitina:

Ƙasa uwa ce, zanenta ɗaya,
Duk wanda ta goya ɗanta ne.

Sun tafa.

Laraba, 9 ga Oktoba

An yi faɗa a unguwar Tokpa-Hoho kan wurin sauke albasa, mutanenmu da Yarabawa. An fasa wa ƙanena Idrissou kai.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na tarar aji ya rabu kamar an tsaga goro. Safwana, 'yarmu Bahausa, wadda take cin ƙosai a leda ɗaya da ƙanwar Rafiou, ta ja bencinta gefe. Na tambayi dalili. Ta ce, "Mushe," haka yara ke kiran malami a nan, "Baba ya ce zaɓe ba cancanta ba ce, sanin naka ne." Shekarata ashirin ina shuka, ubanta ya nome gonar a kan tabarmar cin tuwo.

Asabar, 12 ga Oktoba

Asibiti. Idrissou, kansa naɗe da bandeji, ya ce, "Yaya, waƙarka ta ɗinke wannan?"

Litinin, 14 ga Oktoba

An zazzage gwangwanaye, ƙuri'u sun yi kunnen doki. Dokar da na kafa da bakina ta ce malami ke raba gardama. Na shiga bayan labule da marfina. Wallahi sunan Rafiou ke kan harshena. Sai farin bandejin nan ya tsaya mini a ido.

Muhuyi ya ci. Ai shugabanci na iya tashe shi daga barci. Wannan ma tarbiyya ce.

Talata, 15 ga Oktoba

Rafiou ya share allo kamar kullum, amma ya bar baitina a kusurwa. Ya ce, "Mushe, a goge wannan, ko da sauran amfaninsa?"

Na ce ya goge, muna bukatar wurin lissafi.

Ya kai farin shafi, kai kaɗai ka san abin da ya faru a bayan labule. In kana da amsar yaron nan, ka rubuto mini ita kafin gobe.