Lomar Burodi Ranar Cire Ƙwai

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? In har yanzu kina hawa benen nan da bokiti a hannu, ki sani ina fushi da ke. Matata Malama tana ciki tana duba littattafan 'yan ajinta, ba ta san ina rubuta miki ba.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, bakina ya ƙi, shi ya sa na nemi biro.

Bayan shekara tara da aure, za mu gwada abin da likitoci ke kira dashen ƙwai. Za a yi wa Malama allurai na kwana goma zuwa sha biyu don ƙwayayenta su nuna da yawa a lokaci guda, a ciro su, a haɗa da nawa a ɗakin gwaji. Wanda ya rayu sai a mayar mata cikin mahaifa. Likitar ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce waɗanda ba su dace a karon farko sun fi masu dacewa yawa, mu shiga da fata amma mu bar wa zuciya wurin zama.

Ga maganar da ta ƙi fitowa. Yaya, matsalar tawa ce. Shekara shida ke nan da aka gwada mu, aka ce Malama lafiyarta ƙalau, ni ne ƙwayoyin haihuwata ba su da yawa, 'yan kaɗan ɗin ma ragwaye ne. Ita ta ce mu bar shi tsakaninmu, ni kuma na yi saurin yarda. Duk magungunan da Inna ke aiko mata, karɓa take ta yi godiya. Duk kallon da ake mata a taron dangi, shanyewa take. Yanzu kuma ita mai lafiyar ce za a dinga caka wa allura. Ina jin kunya, amma don Allah kada Inna ta ji. Ban shirya ba.

Wata uku ke nan rabona da bakin tanderun gidan burodinmu, don likita ta ce zafi yana kashe ɗan abin da nake da shi. An mayar da ni wajen awon fulawa da tsaron kanta, abokan aiki sun laƙaba min Manaja. Sigarin da kika daɗe kina yi kamar ba ki san ina sha ba, na daina. Malama ta sha gwajin jini, tana shan ƙwayar da aka ba ta kullum, ta kuma nemi hutu a makaranta. Alluran suna firji, a benen tsakiya, don an ce sanyi suke so amma kada su daskare. Nas ta koya min yi a jikin lemo. Ni da nake auna yis ɗin burodi ba kuskure, sai da na caki lemo sau uku kafin na dace.

Gobe za mu fara. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta


Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Amsarki ta iso, na karanta faɗan, na kuma karɓa. Kin yi gaskiya, tun tuni ya kamata ki sani. Na gode da kika kira Malama kika yi ta hirar ɗinki da ita ba ki nuna komai ba.

Alluran sun tafi daidai. Kullum ƙarfe bakwai na yamma, a gefen cibiya, yau dama gobe hagu. Cikinta ya kumbura har siket ɗinta suka daina rufuwa, wurin ya yi tabo-tabo. Wata rana ta yi kuka don na sayo sabulu kore maimakon fari, can kuma ta dawo tana yi wa kanta dariya. An gaya mana maganin yana sa haka, don haka na ba sabulu laifi. Bayan kowane kwana biyu muna asibiti ana ɗaukar hoton ciki, ana auna girman ƙwayayen. Da suka kai, aka ba mu allurar ƙarshe, wadda dole a yi ta a kan minti, don awa talatin da shida cif bayanta za a ciro su. In aka makara, za su fice da kansu, duk wahalar ta tashi a banza. Agogo uku na saita, na kuma yi ta daidai.

An ba mu takardar sharuɗɗan ranar. Ba turare, ba jan baki, a zo da mai rakiya, kuma kada ta ci ko ta sha komai tun tsakar dare saboda allurar barci. Ni na manna takardar a ƙofar firji da hannuna.

Kin san ɗabi'ata. Tun da muka yi aure, burodin farko da ya fito da asuba nakan kawo shi gida da zafinsa, in gutsuri bakin in sa mata a baki, ta kora da shayina. Ranar na leƙa wurin aiki in ba da makulli, hannuna ya ɗauko burodi ban ma sani ba. Na tarar da ita a durƙushe tana neman katin asibiti a jaka, hankalinta ba ya jikinta. Na gutsura na miƙa, ta buɗe baki. Ta tauna, ta haɗiye, ta kurɓi shayi mai madara, na ƙara mata wata lomar. Sai da ta ajiye kofin muka kalli juna.

A hanya na yi abin da ya fi wannan muni. Na ce mu yi shiru, loma biyu ce kawai. Muna isa nas ta tambaya, Malama ta faɗi gaskiya har da madarar. Mai allurar barci ya ce ba zai sa ta barci da abinci a ciki ba, don yana iya dawowa ya shige huhu. Sai an jira awa shida, ƙwayayen kuma ba za su jira ba. Zaɓi biyu aka ba ta: a haƙura da wannan zagayen, ko a yi mata tana farke da allurar rage zafi kawai. Ta cire ɗankunnenta ta miƙo min, ta ce a yi.

Ni aka tura wani ɗan ɗaki da roba in ba da nawa kason, aikin da bai kai a faɗa ba. Ita minti ashirin ta yi ana shiga da doguwar allura. Nas ɗin ta nuna min shatin farcen Malama a hannunta. An samu ƙwai goma sha ɗaya.

Da ta fito fuskarta ta yi fari, na kasa kallonta. Ita kuwa cewa ta yi aƙalla ita kaɗai ce a ɗakin hutun ba ta jin yunwa. Bakwai sun haɗu, uku suka kai kwana biyar. Jiya aka mayar da ɗaya, aka daskarar da biyu. Wannan bai da zafi, sai dai an sa ta cika mara da ruwa, ta yi ta harara ta ina mata dariya. An hana mu gwaji a gida, don allurar ƙarshen nan tana iya nuna cikin da babu. Sai gwajin jini bayan kwana goma sha biyu.

Ki gaida yara. Ki ci gaba da addu'a.

Naki,
Auta


Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Na san Inna ta riga ni kiranki, amma ina so ki ji daga gare ni.

Ƙwan bai zauna ba. Nas ta kira da azahar ta faɗa mana a hankali. Likita ta ce lomar nan ba ta da hannu a ciki, haka yakan faru ko an yi komai daidai, kuma biyun da ke ajiye suna da kyau. Malama ta yi kukanta, na yi nawa a banɗaki.

Da la'asar Inna ta kira. Ta san dai muna zuwa asibiti, sai na ce mata maganin bai yi ba. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce in yi haƙuri da yarinyar nan, wasu matan haka Allah ya yi su, kuma ina da lada da na riƙe ta duk shekarun nan. Malama tana zaune kusa da ni, tana jin komai. Na ga ta gyara zama, ta fara shirya muryar nan da take godiya da ita. Tabon allura bai ma gama bajewa a cikinta ba.

Yaya, na faɗa. Na ce ni ne, tun shekara shida ni ne, ita ce ta riƙe ni. Malama ta dinga jan rigata in yi shiru, ban yi ba. Na faɗi har abin da ya faru ranar cire ƙwai.

Inna ta yi salati. Can ta ce shekara shida tana roƙa wa mai lafiya lafiya, ta bar ɗanta ba addu'a. Ta ce in ba 'yarta wayar. Ba ta taɓa kiranta haka ba. Malama ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, suka yi kusan awa guda. Ban san abin da suka ce ba, ban kuma tambaya ba.

Har yanzu Malama tana ɗan fushi da ni, wai na tona abin da ta sha wahalar rufewa. Na ce mata in ba ta son sake gwadawa, magana ta ƙare, ba zan ƙara tayar da ita ba. Ta ce in bar ta ta huta wata biyu, sannan mu koma wa biyun nan.

Inna ta ce ranar ita za ta raka ta. Ni kuma an ce in jira a waje.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta