Leda Uku a Ƙarƙashin Katifar Inna

Yaya Jafaru,

Kafin ka dawo daga gona mun kama hanyar Kankiya, ni da Inna. Na san jiya ka ce mai kemis ɗin Ƙofa ya isa. Ka yi haƙuri, wannan karon ban bi maganarka ba.

Da safe jiri ya kayar da ita wurin alwala. Da na ɗaga katifarta sai ga leda uku na maganin hawan jini: naka, wanda Talha ya aiko, da nawa. Ashe duka take sha. Na tambaye ta dalili, ta ce, "To, na wa zan ƙi a cikinku?"

'Ya'ya uku gare ta, amma babu likita ɗaya da ya san jikinta. Yau zan samo mata shi, wanda zai riƙa duba ta duk wata.

Kada kowa ya ƙara sayo mata ko ƙwaya ɗaya, ka faɗa wa Talha. In faɗa za ka yi mini, zan zauna in saurara da la'asar. Amma Inna ba za ta taɓa ce mana a'a ba, sai mu faɗa a madadinta.

Ƙanwarka,
Jamilatu