Sun Ƙi Karɓar Lanhona, Suna Karɓar na Mamaci

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin karɓar lanho, wato harajin kai, na yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina roƙon ka yi mini haƙuri da na kawo maganata bainar jama'a. Sau biyar ina zuwa buronku, wato ofishinku, kowane zuwa jika biyu ta sefa kuɗin mota, ban taɓa wuce bencin da ke bakin ƙofarka ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta inda kowa zai gani, ko Allah ya sa wani ya karanta maka.

Sunana Salifu Mahamadu, manomin albasa daga wani ƙauye kusa da Tamaske. A gari ana ce mini Salifu Dogo. A cikin babban littafinku kuwa an ja jan layi bisa sunana, an rubuta kalmar Faransanci mai nufin mamaci. Na gani da idona.

Na ɗaya, yadda abin ya faru.

Mu biyu ne masu sunan nan a ƙauyenmu. Ɗayan shi ne ɗan ƙanwar mahaifiyata, Salifu Gajere, shi ma sunan mahaifinsa Mahamadu. Tare munka tafi Libiya aikin gini. Wata safiya anka kama ni saboda rashin takardu, anka rufe ni wata bakwai ba waya ba saƙo. Ina tsare katanga ta faɗa wa Gajere a wurin aiki, ya rasu nan take. Ranar yana sanye da rigar sanyina, cikin aljihunta akwai tsohon katina na aiki mai hotona. Wani mutumin garin Buza da ya taimaka wajen binne shi, da katin ya dogara ya kira gida. Fuskar mamacin ba ta yadda za a gane ta.

Anka yi mini sallar gawa ba gawa. Anka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Matata Hajo ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Anka karɓo takardar mutuwata, mai gari ya kai muku, kunka cire ni daga lissafin masu biya.

Na iso gida shekara uku da ta wuce, bayan girbi, da tsakar rana. Matan da ke bakin rijiya sunka saki guga sunka watse. Hajo ba ta yi kuka ba, ba ta yi gudu ba. Ƙafafuna take kallo. Wani tsoho daga cikin gidajen da sunka gaji al'adun da, ya sa anka barbaɗa toka a bakin zaure, ya ce in taka a gani ko zan bar sawu. Na taka. Mutane sunka sunkuya suna duba tokar ina tsaye. Ranar Juma'a a masallaci na tsaya sahu, na ga mutumin da ke gabana sanye da farar rigata ta sallah, wadda anka ba shi sadaka don Allah ya jiƙan raina. Har ɗinkin da Hajo ta yi a wuyanta na gane.

Na biyu, mahaifiyar Gajere.

Ni ne na kai wa Inna Tsahara labarin cewa ɗanta ne ke kwance a ƙasar Libiya, ba ni ba. Tana zaune tana saƙar tabarma, ba ta ɗaga kai ba. Da na gama ta ce: "Kai ma an ce ka mutu, ga ka zaune. Shi ma shina tahe." Liman ya yi mata magana, mai gari ya yi, matar Gajere ta yi takabarta ta gama. Inna Tsahara ta fara sassautowa, har ta yarda anka yi sadaka.

Sai lokacin lanho ya zo. Ranka ya daɗe, ka san yadda ake yi. Ana taruwa ƙofar mai gari da hantsi, mai karatu ya buɗe takardar da kunka aiko, yana kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa ya miƙa nasa. Ya zo kan gidanmu ya tsallake. Ina zaune gabansa, gwiwata na kusan taɓa tasa. Sannan ya kira: Salifu Mahamadu, ɗan Tsahara. Ya sake kira. A kira na uku muryar tsohuwa ta fito daga bayan zana inda mata ke tsayawa, ta ce: "Shina nan." Ta kwance bakin zanenta ta biya, anka ba ta resi, takardar shaidar biya, da sunan ɗanta da hatiminku a kai.

Sau uku ke nan ana yin haka. Resin uku suna cikin ƙwarya, naɗe a hular Gajere. Duk wanda ya ce mata ya rasu, sai ta fito da su, ta ce gwamnati ba ta karɓar kuɗi hannun matattu. Yanzu kullum in ta dama fura sai ta rage a ƙoƙo ta rufe da faifai, ta ajiye a ɗakinsa. Ƙoƙon yakan kwana, ta zubar wa awaki, ta sake damawa. Kuɗin da take biya ba su kai na tiya biyu ta hatsi ba, amma tabarma take saƙawa da idon da ya kusa mutuwa kafin ta same su.

Na uku, abin da na gani a ƙasashen mutane.

Ban yi lakwal, wato makarantar boko, mai zurfi ba, amma na ci rani a ƙasa uku, kuma kowace ta karɓi nata a jikina ta hanyarta.

A Abijan na yi shekara shida ina gadin wani ɗakin ajiyar kaya. Ƙarshen wata ana ba mu takardar albashi, an rubuta abin da ka samu da abin da hukuma ta yanke. Nawa kaɗan ne, don albashin kaɗan ne. Akawun da ya ninka ni sau da yawa, in ya karɓi tasa takardar sai ya yi ta tsaki, don an yanke masa da nauyi. A lokacin haushin yankan nake ji. Yanzu na gane harajin albashi aƙalla ya san sunanka, ya san abin da ka samu, ya ɗora wa kowa kaya gwargwadon wuyansa. Watan da na kwanta ciwo ban samu kome ba, ba a yanke mini kome ba. Harajin da ke cikin farashin kaya, wanda suke kira TVA, can kashi goma sha takwas ne cikin ɗari, nakan gan shi a ƙasan resin kanti.

A Legas na yi shekara biyu ina sayar da shayi. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake samu. Tike ne kowace safiya, yau hannun wannan, gobe hannun wancan, wani da riga ta hukuma, wani da sanda kawai. Harajin kayansu kuwa ya fi namu sauƙi nesa ba kusa ba. 'Yan kasuwarmu masu sayo kaya Sakkwato sun san yanzu kashi bakwai da rabi ne, shi ne ɗaya daga cikin dalilan da kaya ke bin hanyar daji su shigo mana.

A Libiya ban ga harajin kaya ba sam, kuma ba wanda ya yanke mini ko sisi daga ladan gini. Mutanenmu sukan yi murna da haka. To ƙasar da ba ta rubuta sunanka ba, in katanga ta danne ka ba ta san wa ta danne ba. Gajere ya yi mata aiki shekara biyu, an binne shi da sunan wani.

Mu nan gida, mai albashi ana yanke masa, na sani, malaman lakwal na ƙauyenmu suna faɗi. Amma mu nawa ne masu albashi tsakanin Madawa da Keita? Mafi yawanmu ta kasuwa ake kama mu. Bara na sayi kwanon rufi a wani babban kanti a Madawa don ɗakin Hajo da ke yoyo. A ƙasan takardar an rubuta TVA kashi goma sha tara cikin ɗari. Na tsaya ina kallonta. Mai kantin bai tambaye ni ko ina da rai ba. Harajin nan ba ruwansa da suna, ba ruwansa da fuska. Abin da ya ɗauka a sabulun Alhaji mai motocin albasa, shi yake ɗauka a sabulun Inna Tsahara. Ga Alhaji ƙura ce a bakin riga, ga tsohuwa rabin tabarma ne. Duk katin waya da na saka, duk batir, duk man da na zuba a injin ban ruwa, ina biya. A tashar albasa ma kowane buhu sai an yanka masa tike, kuma hannuna suke miƙa wa.

Ke nan shekara uku hukuma tana cin kuɗin mamaci ta hanyar kasuwa ba ta ƙyamace su ba. Guda ɗaya tak da zai sa a rubuta sunana a ce ga ni, shi ne anka ƙi karɓa.

Na huɗu, abin da ya faru a buronku.

Zuwana na farko na ajiye kuɗin shekara a teburin ma'aikacinku. Ya buɗe littafi, ya bi layi da yatsa, ya dube ni, ya sake duban littafin. Sai ya ja kujerarsa baya kaɗan. Ya kira ni malam da Faransancinsu, ya ce: "Mushe, a nan kai mamaci ne, ba ni da inda zan rubuta kuɗinka." Ya turo mini su da bakin biro, bai taɓa su da hannu ba.

An ce in je kotu a soke takardar mutuwata. Kotu ta ce in kawo katin ɗan ƙasa. Nawa yana hannun waɗanda sunka tsare ni a Libiya, sabo kuma ba a yi wa wanda ke da takardar mutuwa. Na ce to a yi wa Gajere tasa takardar, ko tsohuwa ta huta. Anka ce sai da shaida wanda ya san yadda abin ya faru. Mutumin Buza ya wuce Aljeriya, ba a san inda yake ba. Saura ni, kuma ba a karɓar shaidar mamaci.

A zuwana na ƙarshe wani ma'aikaci ya ja ni gefe, na san da nufin taimako ya yi. Ya ce tunda suna ɗaya ne, me zai hana in riƙa biya a layin Gajere, in karɓi takardu da shi, magana ta ƙare. Ranka ya daɗe, ban karɓi shawarar ba. In na yi haka, a takarda na zama mijin matar ƙanena, uban 'ya'yansa. 'Ya'yana huɗu su tabbata marayu ina raye. Kuma randa mai karatu ya kira ɗan Tsahara, ni zan amsa, tana ji daga bayan zana. Tun daga ranar, in wani ya kira Salifu a kasuwa sai na ɗan jira kafin in waiwaya.

Na biyar, abin da nake asara.

Da anka ce na mutu, wana ya ba wani ɗan kasuwa hayar garkata, lambuna na fadama, shekara biyar don a ciyar da yara. Ban ga laifinsa ba. Ɗan kasuwar ya ce shi da magada ya yi magana, ba zai tashi ba sai ya ga takardar hukuma mai cewa mai garka yana da rai. Yau ƙwadago nake yi a gefen gonar ubana. Ƙungiyar manoma ba ta iya sa ni cikin masu samun iri da taki. 'Yata ta fari za ta yi jarrabawa bana, a takardunta an rubuta uba ya rasu, kuma ni na raka ta anka cika su.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu.

Ka aiko mutum ɗaya ƙauyenmu, ranar da ka ga dama, ya tara mai gari da liman da dattawa, ya gan ni da rana, ya kama hannuna, ya rubuta abin da ya gani a takardar da kotu za ta karɓa.

A mayar da sunana cikin littafi. Zan biya na shekara uku da anka ƙi karɓa, ban nemi rangwame ba.

A mayar wa Inna Tsahara abin da ta biya wa wanda ba shi duniya. Kuma a riƙa duba littafin nan kowace shekara tare da masu gari, don yankinmu na 'yan cin rani ne, ban yi tsammanin Gajere kaɗai ne mamacin da ake kira a ƙofar mai gari ba.

Na ƙarshe, in za ku soke sunansa, kada ku bari ta ji a bainar jama'a, a zo kan gidanta a tsallake. Ku sanar da ni tukuna in zauna da ita.

Shekaranjiya ta ji ana cewa ina rubuta muku wasiƙa. Ta zo da sandarta har zaurena, ta kawo kuɗin baɗi ƙulle a tsumma tun lokaci bai yi ba. Ta ce tunda sunansa yana wurinku, kun san inda yake. Ta ce in gaya muku ku faɗa masa ta gyara rufin ɗakinsa, kuma idonta ya fara duhu, in zai zo ya zo tana iya gane shi. Ta sa na yi mata alkawarin zan rubuta. Ga shi na rubuta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka da zuri'arka, ya sa ka gama aikinka lafiya. Allah ya jiƙan Salifu Gajere, ya ba mahaifiyarsa haƙuri.

Wassalam.

Salifu Mahamadu, wanda ake kira Dogo, ɗan Hadiza.