Wanda Yake Karanta wa Maami

Oke-Ado, Ibadan
9 ga Maris, 2008

Zuwa ga yayana, Boda Rasaki,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Bisola da yara, da harkar shago a Abijan. Mu nan lafiya lau, sai kewar Baami da ta ƙi raguwa.

Na zaɓi takarda ne saboda duk sanda ka bugo waya Maami tana gefena. Yau wata guda da fitarta takaba, amma ta ƙi komawa aiki. Masu shirya fim uku sun zo har gida, sun kwanta sun gaishe ta, ta karɓi labarin a cikin ambulan ta cusa ƙarƙashin kujera, ko buɗewa ba ta yi ba. Matar da ta hau bayan motar 'yan wasan kwaikwayo tun tana 'yar shekara sha huɗu, ta yi wasa a Oshogbo da zazzaɓi a jikinta, ita ce yau take zaune tana tsinke ganyen miya tun safe har azahar. Jiya a kasuwar Oje mai tattasai ta riƙe mini hannu ta ce, “Ina Iya Oniru, mai daddawarmu ta fim? Ko ta tuba ne ta bar mu da yaran nan masu shafe-shafe?”

Wadda ta fi damuna ita ce ta ukunsu. Wata yarinya ce, Yewande, da ta yi karatun fim a Ife. Ta rubuta labarin shugabar matan kasuwa da ta tsaya kai da fata a kan kada a rushe musu rumfuna, kuma ta ce da Maami a ranta ta rubuta shi. Shekara arba'in Maami tana fitowa a mai daddawa mai tsiwa, ta ba mutane dariya minti biyar ta wuce. Wannan ne karo na farko da za a ɗora mata fim tun daga farko har ƙarshe. Yewande za ta jira zuwa ƙarshen Afrilu.

Na ce, “Maami, ko shafin farko ki duba.” Ta ce, “Modinat, ki je ki yi wa 'yan ajinki malanta, ni na girme ki.”

Ka taya ni addu'a.

Ƙanwarka,
Modinat

2 ga Afrilu, 2008

Boda Rasaki,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, ka kwantar da hankalinka kafin ka ci gaba: Maami ta kwana biyu a asibiti, amma ta dawo gida, tana cin tuwonta.

Maganin hawan jininta ne ya ƙare, na sayo wani mai ƙarfi ninki biyu kamar yadda likita ya ce, na rubuta a jikin kwalin da manyan baƙaƙe cewa ɗaya za ta sha, ba biyu ba. Na nuna mata, ta gyaɗa kai. Kwana uku tana shan biyu, har ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya.

A asibiti na yi mata faɗa, Allah ya yafe mini. Na ce, “Ba ga shi na rubuta miki ba?” Ta juya fuska ga bango. Can ta ce, “Da mahaifinki ne, zare zai ɗaura wa kwalin. Ja na safe, baƙi na yamma.”

Boda, Maami ba ta iya karatu ba. Ko harafi ɗaya.

Ka tuna yadda suke shiga tsohuwar fijon Baami bayan la'asar su ce za su sha iska a Agodi, mu yi ta yi musu tsiya? Labarin fim yake karanta mata. Ya yi muryar sarki, ya yi ta ɗan sanda, ya yi ta budurwa, ita kuma sau biyu kawai take ji ta haddace nata da na kowa. Ta ce a zamanin wasan dandali ba a buƙatar takarda, maigida ne zai faɗi labarin da baki, kowa ya san inda zai sa ƙafa. Da takarda ta shigo, kunya ta hana ta faɗa, shi kuma ya rufa mata asiri shekara ashirin da shida. Tabarau ɗin da kullum take cewa ta manta a gida, ba ta taɓa mallakarsa ba.

Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu shekara goma sha ɗaya, ban gane ba. Takardar sakamakonmu da take riƙewa tana ɓata fuska, fuskar Baami take karantawa.

Ta ce in na faɗa wa kowa ba ta yafe ba. Na ce ban da kai. Ta yi shiru, na ɗauka izini ne.

Taka,
Modinat

25 ga Mayu, 2008

Yayana,

Ina gaisuwa, ina kuma gode wa Anti Bisola da atamfar da ta aiko. Na ga wasiƙarka, layi huɗu cif.

Maami ta amince da fim ɗin Yewande, ni kuma na zauna a kujerar Baami. Wata guda muna shiga fijon nan, ko tashi ba ta yi, a cikin gareji. Ranar farko Maami ta ce, “Wannan karatu ne ko sanarwar rasuwa? Sarkin ma sai ka ce yana jin yunwa.” Mun yi faɗa, mun yi kuka, mun haddace shafi casa'in.

An fara ɗauka a wata kasuwa kusa da Iseyin. Kwana takwas komai na tafiya daidai. Rana ta tara ina ajiye kayanta sai ga Yewande da sabuwar takarda, ta durƙusa ta ce, “Iya, na sauya jawabin gaban sarki, ku duba, minti goma za mu fara.” Mutane sun fi talatin a wurin. Na taso zan ce ta manta tabarau, Maami ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, “'Yata, mai karanta mini yana maƙabarta. Ni ban taɓa shiga aji ba. Ki karanta mini da bakinki.”

Yewande ta karanta mata. Maami ta ce ta sake. Sai ta gyara ɗaurin kanta, ta shiga gaban kyamara, ta yi jawabin nan ba ta rage ko kalma ba. Matan kasuwar gaske da suka zo kallo har da masu share hawaye. Da aka gama, dattijon da ya fito a sarki ya kira Maami da sunanta ya ce, “Silifa, ashe shi ya sa ke kaɗai ce ba kya manta layi. Mu masu karatun mun ji kunya.” Ta ce, “Ka daɗe kana jinta, ba yau ka fara ba.” Wata jaridar gulma ta buga labarin. Maami ta sa na karanta mata, ta ce hoton bai yi kyau ba.

Saura magana ɗaya, kuma saboda ita na rubuto. Shekaranjiya ta ciro wasiƙun da kake aiko mata kana makarantar kwana a Oyo, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta ce in karanta. Ta haddace su duka, ina yi tana bi. Na kai ƙarshen ta farko sai ta ce, “Kin tsallake.” Na ce ina? Ta ce, “Inda ya ce, Maami, ina kewarki, babu uwa irinki a duk Ibadan.”

Na duba gaba, na duba baya. Ka tambayi garin rogo da sabulu, ka sa hannu. Babu wannan layin, Boda, ba a wannan ba, ba a sauran ba. Baami ne yake ƙarawa.

Na ɗora yatsa a ƙasan takardar na ce, “Ga shi nan, idona ne ya tsallake.” Na karanta mata shi sau goma sha bakwai, kowace wasiƙa sau ɗaya.

Ban iya ƙarya kamar Baami ba, kuma Maami ta san ɗan wasa mara gwaninta in ta gan shi. Don Allah in za ka rubuto, ka rubuta shi da hannunka.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Modinat