Gadon Bakin Taga

Zuwa ga Babbar Sista,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya zaman ritaya?

Yau aka fitar da gadon nan na bakin taga a ɗakin haihuwa, wanda mariƙin ɗaga shi ya karye tun ina sabuwar ungozoma. Wallahi da na ga ana jan sa waje sai da na yi ƙwalla. Shekara ashirin da biyu ina sunkuye a kansa!

Ga abin da ya sa na rubuto. Likitan ƙashi ya duba hoton bayana, ya ce in daina ɗaga masu haihuwa, in koma aji koyar da ɗalibai, in ba haka ba wata rana sai an ɗauke ni. Sati biyu takardar sauya aikin na kan teburina ban sa hannu ba. Ni da alli? Ke kika koya mini cewa ungozoma ba ta kiran a taya ta. Ki ce in yaga, in yaga.

Taki,
Doguwa

*

Doguwata,

Na amsa gaisuwa. Kai, gadon nan! Ranarki ta farko kika ce ya yi miki ƙasa, na ce to gadon ne zai miƙe ko ke za ki lanƙwasa? Kika yi kicin-kicin kamar an ƙwace miki abinci. A kansa muka karɓi 'yan uku, ina ta zaginki, daga baya muka zube ƙasa muna dariya. Ina kewar warin maganin goge ƙasan nan, ki ji shirme.

Ki gaida masu shara, in da sauran waɗanda suka san ni.

Sistarki

*

Sista,

Ina gaisuwa. Na yi dariya, amma ba ki amsa mini ba. Kuma wannan ba rubutunki ba ne. Na san hannunki, ko likitoci sai sun kira ni in karanta musu. Lafiya?

Doguwa

*

Doguwa,

Gaisuwa. Idonki bai mutu ba. 'Yata ke rubutawa, ni ina kwance rigingine, don zaman minti goma ya fi ƙarfina. Na hana a gaya muku ne saboda kunya.

Wata uku da suka wuce 'yar tawa ta haihu, mace. Aka miƙo mini jaririyar ina tsaye, sai bayana ya riƙe, ƙafata ta saki. Da ba don mijinta ya tare ba, da na yar da jikata. Ni da na karɓi 'ya'yan mutane ba adadi. Tun ranar ba wanda ya ƙara miƙo mini ita, ni ma ban tambaya ba. Abin yana cina, Doguwa.

Ƙarya na koya miki. Mun ɗauka jarumta ce, alhali gado ne ya lalace ba mu ce a gyara ba. Ki yafe mini. Ki sa hannu, ki gaya wa yaran nan su ɗaga gado daidai ƙugunsu, su kira a taya su.

Allah ya ba ki lafiya.
Sistarki

*

Sista,

Ina gaishe ki da jiki. Na sa hannu.

Ranar Asabar ina tafe. Ki ce a jera miki matasan kai ki jingina. Ni zan ɗora miki jikarki a ƙirji, hannuna na ƙarƙashi, ba zan cire ba sai kin ce ya isa.

Taki har kullum,
Doguwa