Sirdin Keken Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ƙanwata Auta. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raba ku da asibiti sai dai dubiya. Mu ma nan alhamdu lillahi. Umma tana nan da ƙarfinta, ƙafa ce ke ɗan taɓa ta, amma bakin nan babu abin da ya same shi. Kasuwa kuwa sai godiya, masu gwaji sun fi masu saye, kowa ya sa takalmi ya taka ya juya ya ce bari ya je ya dawo. Na rubuto ne maimakon in kira, domin waya a shagona kunnen duk layi ce, maganar kuwa ta cikin gida ce.

Maganar Yaya ce ta hana ni sukuni. Kin san tun da ya ajiye aiki likita ya ce suga ya yi masa yawa, ya nemi abin motsa jiki. Na ce ya riƙa takowa kasuwa a ƙasa muna hira, ya ce shi ba ɗan talla ba ne. Sai ya shiga ɗakin shirgi ya jawo keken Baba, baƙin nan mai kariya da ake ɗauko ki daga makaranta. An sa masa sababbin tayoyi, an gyara birki, an zuba wa sarƙa mai. Da mai gyara ya kai sifana wajen sirdi zai kwance noti ya sauke shi, sai Yaya ya riƙe masa hannu, ya ce inda Baba ya bar shi nan zai zauna, ba mai taɓawa yana raye. To kin san Baba, Allah ya jiƙansa, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Yaya kuwa tsawon Umma ya ɗauko, ya ƙara da tumbin ofis, kuma rabonsa da keke tun kafin ya yi aure.

Auta, da kin gan shi a kai da kin yi dariya, sannan ki yi kuka. Sai ya jingina keken da dakalin ƙofar gida yake iya hawa. In ya tafi, da kan yatsu yake taɓo feda, ƙugu na karkata dama da hagu kamar mai tankaɗe. In zai tsaya kuwa ƙafa ba ta kai ƙasa, sai dai ya zubo gefe ya yi ta tsalle. Kwanan baya a mahaɗar hanya wata babbar mota ta tsaya a gabansa, ya laluba ƙasa bai same ta ba, ya faɗa bakin kwata, feda ta yanke shi a ƙauri. Ciwon bai kai a ce ciwo ba, amma mai suga ba ya da ƙaramin ciwo. Sai da aka daɗe ana wanki kafin ya kame, likita kuma ya ce wa matar Yaya in aka sake samun irinsa a ƙafar nan, shi ba ya ɗaukar alkawari. Tun daga ranar, duk ƙararrawar keken da na ji sai na leƙo ƙofar shago in ga ko shi ne.

Na yi masa magana da lalama, na ce a tambayi kowane mahayi, sirdi daidai ƙafar mai shi ake sa shi, yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe in feda ta sauka. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce a raina ai shi ne a kan rimin. Amma na gane ciwon, don a sana'ata na ga irinsa. Mutum ya gwammace a ce ƙafarsa ce ta kumbura da a ce takalmin ba nasa ba ne. Yaya ba sirdi yake karewa ba. Tun rasuwar Baba yake ƙoƙarin zama inda Baba ya zauna, ba ya son a ce bai kai ba.

Saboda haka ranar da ya tafi ganin likita na haɗa baki da matarsa. Na aro sifana, na jiƙa notin sirdin da baƙin mai, na yi ta fama da tsatsa har sirdin ya sauka kamar faɗin tafin hannu. Sai dai garin kwancewa haƙoran notin suka cinye. Na ɗaure iya ƙarfina, ya kama amma bai kama ba, in ka buge sirdin da hannu sai ya juya. Na ce gobe in sayo sabo in musanya. Goben nan ce har yau ba ta zo ba, domin Yaya ya dawo ya hau, ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, ya shaida wa abokan hirarsa cewa motsa jiki ya miƙar masa da jijiyoyi har ƙafa ta ƙara tsawo. Yanzu a ɗakinsa keken yake kwana da kwaɗo. Kuma ya ɗaura niyyar ƙarshen watan nan zai je gaida Goggo a kai, ta babban titi, cikin manyan motoci, a kan notin da ni kaɗai na san halinsa.

Ko in ce da haka nake zato. Jiya da hantsi ya tsaya ƙofar shagona, ya kafa ƙafa a ƙasa daram, ya ajiye mini sifanar nan a kan tebur, ashe a tsakar gidansa na manta ta. Ya ce ya tsince ta ne, in na san mai ita in gaya masa shi ba ma'aikacin kirki ba ne, tunda yana fara aiki ba ya ƙarasawa. Bai dube ni ba. Ya buga ƙararrawa ya wuce, ina kallon sirdin yana rawa a ƙarƙashinsa. Ya sani, na san ya sani, amma da bakinsa ya gaya wa jama'a ƙafa ce ta ƙaru, ba zai tura keken wurin mai gyara ya ƙaryata kansa ba. Ni kuma in na ce ya kawo, ya zama ƙane ya kama wansa. Babba in ya hau sama, tsani ake sa masa.

Ke ce tsanin, Auta. Bai taɓa iya ce miki a'a ba. Don Allah ranar da takardar nan ta iso ki kira shi, kada ki ambace ni, kada ki ambaci tsawo. Ki ce kin tuna kina da gado a keken Baba, kin bar masa tayoyi da ƙararrawa da komai, rabonki notin sirdi ne kawai, kuma kina so a cire miki abinki a ajiye, a sa masa sabo kafin ya je wurin Goggo. Zai yi faɗa, ya ce kin cika fitina, sannan ya kai. Sabon notin yana aljihuna tun tuni.

Umma tana gaishe ki, ta ce yaushe za ki kawo mata jikokinta. Matar Yaya tana gaisuwa ta musamman, ita ma ke take jira. Ki gaida maigidanki da surukarki, ki shafa mini kan yara. Allah ya tsare mana Yaya, ya sada mu da alheri.

Naki, yayanki mai takalma.